Tsakanin Lasisi Da Kame: A Kan Wa Doka Take Sauka?

Akwai maganganun da Bahaushe ba ya son a yi su da rana tsaka, sai dai a yi su da raɗa a bayan zaure. Batun karuwanci da gidajen gala da hotunan batsa yana cikinsu. Kunya ado ce, amma idan ta kai ga hana mu duba ciwon da ke cin 'ya'yanmu, ta zama wata cutar ta daban. Saboda haka nake neman afuwar mai karatu tun daga farko, domin yau zan taɓo abin da muka saba kawar da kai daga gare shi.

A 'yan shekarun nan ana jin wasu daga cikin 'yan boko, musamman a kafafen sada zumunta, suna cewa tun da an kasa kawar da wannan harka, gwamma a halatta ta. A yi wa masu yi rajista, a ba su lasisi, a riƙa duba lafiyarsu, gwamnati ta karɓi haraji, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai. A ɗaya gefen kuma ga masu cewa maganin kawai a ƙara zafafa kame, a rufe gidaje, a kori kowa daga gari. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin biyu, kuma a ganina dukkansu sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci: idan doka ta tashi aiki, a kan wa take sauka? A kan wanda ke kwasar riba, ko a kan yarinyar da ake kwasar ribar da jikinta?

Ina zaune a Wudil, a nan nake koyarwa. Wanda ya san garin ya san mahaɗa ce. Ga gada, ga babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, ga kasuwar Juma'a da karar shanunta wadda ke jawo fatake da direbobin manyan motoci daga kudu da arewa. Ga jami'a tun 2001, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Duk garin da ya tara baƙi masu kuɗi a aljihu, nesa da iyalansu, ya kuma tara dubban matasa nesa da idon iyayensu, ga ƙauyuka masu fama da talauci kewaye da shi, to ba shi da ikon cewa wannan magana ta 'yan Sabon Gari ce su kaɗai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu kiran a halatta suna magana kamar wani sabon tunani suka ɗauko daga waje, alhali ƙasar Hausa ta ɗanɗana irin nata tsarin tun da daɗewa. A garuruwa da yawa akwai sarautar Magajiya, wadda ke shugabantar mata masu zaman kansu. Ita ke sasanta rigimarsu, ita ke karɓar baƙuwa idan ta sauka a gari, ita ke tara abin da za a kai wa hukuma, kuma fada ta san da zamanta. Masu bincike irin su Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan, da Renée Pittin, wadda ta zauna a Katsina, sun nuna cewa mafi yawan waɗannan mata zawarawa ne, kuma da yawa daga cikinsu kan koma ɗakin aure idan sun sami hali. Turawan mulkin mallaka kuma sun zo da nasu salon: suka hana sayar da giya a cikin birane na Musulmi, suka bar ta a unguwannin baƙi irin su Sabon Garin Kano. Ke nan ware unguwa guda domin abin da ake ƙyama, mun yi shi fiye da shekara ɗari. Abin da ya haifar shi ne birni mai tsarki da rana, wanda wasu mazajensa ke tsallaka titi da dare.

Korar ma ba yau aka fara ta ba. Dattawa suna tuna cewa idan ruwa ya ɗauke da damina, abu na farko da akan yi a wasu garuruwa shi ne a yi shelar cewa kowace karuwa ta yi aure cikin 'yan kwanaki ko ta bar gari. Sai su tattara komatsansu su koma gari na gaba, bayan ruwa ya sauka su dawo ɗaya bayan ɗaya. A Maraɗi, cikin Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA, an far wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu. A Kano, da aka ƙaddamar da Shari'a a 2000, an yi dokar haramta karuwanci da sauran ayyukan baɗala, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, aka ba Hisba dokarta a 2003. An sami gyara, wannan ba abin musu ba ne. Amma wani kaso na harkar ƙaura kawai ya yi, ya koma otal-otal, da gidajen haya marasa allo, da garuruwan kan iyakar jiha, daga baya kuma ya shige cikin wayar hannu.

To me waɗanda suka halatta suka gani? Holan ta ɗage haramcin gidajen karuwai a Oktoban 2000, da fatan cewa haske zai kori miyagu. Ba a yi shekara goma ba sai ga hukumomin birnin Amsterdam suna saye da rufe wani kaso na ɗakunan unguwar da ta yi suna da wannan harka, saboda sun gano cewa masu safarar mata sun fake a bayan lasisi. Jamus ta yi dokarta a 2002, ta wayi gari dole ta sake wata mai tsauri wadda ta fara aiki a 2017, ta wajabta rajista. A ƙarshen 2019 waɗanda suka yi rajistar kimanin 40,000 ne, adadin da ya gaza abin da ake ƙiyasin suna cikin harkar nesa ba kusa ba. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Senegal, ƙasar da akasarin mutanenta Musulmi ne. Tun wajen 1969 take da tsarin rajista ga wadda ta kai shekara 21, da katin lafiya da gwaji a kai a kai. Tsarin ya taimaka wa waɗanda suka shiga cikinsa ta fuskar lafiya, amma mafi yawan matan sun ƙi rajistar, domin babu wadda ke son sunanta ya shiga kundin 'yan sanda har abada. Yarinya 'yar shekara goma sha shida kuwa, wadda ta fi kowa bukatar kariya, tsarin bai ma san da zamanta ba.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke hannun masu kiran a halatta. A jihar Rhode Island ta Amurka, wani giɓi a cikin doka ya sa harkar ba ta zama laifi ba idan a cikin gida aka yi ta, har zuwa 2009 da aka toshe giɓin. Masana tattalin arziki biyu, Cunningham da Shah, sun gano cewa a 'yan shekarun da abin ya bayyana, rahotannin fyaɗe da ciwon sanyi sun ragu sosai. Darasin da ke ciki gaskiya ne: macen da ba ta tsoron ɗan sanda ta fi saurin kai ƙara idan an cuce ta, ta fi saurin zuwa asibiti. Sai dai wani binciken da Cho da Dreher da Neumayer suka wallafa a 2013, wanda ya duba ƙasashe fiye da ɗari, ya nuna cewa inda aka halatta, safarar mutane zuwa ƙasar takan fi yawa, domin kasuwa ta buɗe kuma dole a cika ta. Suwidin ta ɗauki hanya ta uku a 1999: ta ɗora laifin a kan mai saye, ba a kan mai sayarwa ba. Norwe ta bi sahu a 2009, Faransa a 2016. Wannan hanyar ma tana da masu sukarta, amma ta yi abu guda da ya kamata mu tsaya mu duba: ta juya fuskar doka zuwa inda kuɗi yake fitowa.

Matsayina a kan lasisin karuwanci a fili yake: ban yarda da shi ba. Allah Ya haramta zina, Manzon Allah (SAW) ya haramta kuɗin da ake samu ta wannan hanya, kuma gwamnatin da ta karɓi haraji daga jikin 'yar talaka ta zama babbar kawaliya, ko da wane suna ta kira kanta. A ƙasar da ake sayen takardar shaidar shekaru a bakin kotu, wa zai tabbatar mini cewa mai riƙe da katin ta kai shekarun da aka rubuta? A ƙasar da asibitin ƙaramar hukuma ke rasa safar hannu, wa zai yi gwajin kowane wata? Lasisin zai zama wata sabuwar ƙofar na-goro, mai gida ya rataya shi a bango, yarinya ta ci gaba da shan wuya a bayansa.

Amma addinin da ya hana mu ba da lasisi, shi ne kuma ya koya mana inda za mu nufa da hukunci. Aya ta 33 a cikin Suratun Nur, wadda malaman tafsiri suka ce ta sauka ne game da Abdullahi bin Ubayyu da kuyangin da yake turawa su nemo masa kuɗi, da iyayen gida take magana. Su ta tsawatar wa, wadda aka tilasta kuwa aka yi mata albishir da gafara. Shari'a ta gindaya shaidu huɗu kafin a tabbatar da zina, ta hana leƙen asirin mutane, ta yi tanadin bulala ga wanda ya yi ƙazafi. Tsarin da ya ɗaga katangar hujja haka, bai zo domin a tozarta mace a bainar jama'a ba.

Yanzu mu dubi yadda kame yake gudana a aikace. Ana dira da dare, a kwashe 'yan mata a mota, wani lokaci a nuna fuskokinsu a gaban 'yan jarida, bidiyo ya zagaya gari kafin gari ya waye. Alhajin da aka tarar a ɗakin yakan sulale ta ƙofar baya, ko a yi masa nasiha a sallame shi. Mai ginin yana gidansa yana barci. Dillalin da ya ɗauko ta daga ƙauye da alkawarin aikatau, ba a ma tambayi sunansa ba. Ba na raina aikin Hisba, na san auren da ta ɗinke da yaran da ta mayar wa iyayensu. Kuma batun salon kame ba ni na fara tayar da shi ba: a farkon 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf da kansa ya nuna rashin jin daɗinsa da yadda ake jefa mata a mota, har Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ya ajiye muƙaminsa na 'yan kwanaki kafin a sasanta ya dawo. Mun kuma ga abin da ya faru a 2007, lokacin da bidiyon sirri na wata 'yar fim ya fita. Aka dakatar da shirya fina-finai na watanni, sunanta ya zama abin zagi a bakin yara, sunan namijin da ke cikin bidiyon kuwa mutum nawa ne ke iya tuna shi a yau?

Na san wata yarinya, 'yar maƙwabtan wasu dangina. An yi mata aure tana da shekara goma sha biyar, aka sake ta tana da goma sha tara da goyo a baya, ba ciyarwa, ba kuɗin iddar kirki. Kishiyar uwa ta nuna mata cewa gidan ya yi musu kaɗan. Wata ƙawa ta kai ta gidan gala, ta fara rawa ana yi mata liƙi. Abin da ta gaya wa yayata, wanda har yau yake damuna, shi ne ba ta da albashi ko na kwabo. Liƙin da aka yi mata, mai gida ke fara cire nasa, sai mai kiɗa, sai kuɗin kayan rawa da na ɗakin kwana da ake bin ta bashi. Idan dare ya yi kasuwa ba ta ci ba, akan nuna mata wani baƙo a ce yana son gaisawa da ita. An kama ta sau biyu. Mai gidan, ko sau ɗaya ba ta ga an sa shi a mota ba. Da aka rufe gidan, mako biyu aka yi ya buɗe wani a wata jiha, ya aiko mota ta kwashe su.

A nan ne nake ganin ya kamata mu raba hatsi da tsakuwa. Gidan gala, a asalinsa, dandamali ne na wasan kwaikwayo da rawa da waƙoƙin fim, jikan wasan daɓe da kalankuwa. Karuwanci haramun ne a kan kansa, ba shi da gyara. Wurin nishaɗi kuwa yana karɓar gyara, kuma Hukumar Tace Fina-finai tana da hurumin sa masa ido. Mun sha jin ta rufe irin waɗannan gidaje, wani lokaci don alfarmar watan azumi, wani lokaci don karya ƙa'ida. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar ta zama rubutacciya, sananniya ga kowa, mai cizon mai gida kafin ta ciji 'yar rawa.

Ga abin da nake ba da shawara. Kada a ba kowa izinin buɗe gidan nishaɗi sai da sunansa na gaskiya, da lambarsa ta katin ɗan ƙasa, da sunan mai ginin, domin kada a rufe yau ya buɗe gobe da sunan ƙanensa. A hana ɗakunan kwana a cikin harabar ko a jikinta, domin nan ne rawa take rikiɗewa ta zama wani abu. A tsayar da lokacin tashi. Kowace mai wasa ta kasance ta haura shekara goma sha takwas, da yarjejeniyar aiki a rubuce da ladan da aka sani, kuma a haramta ɗaure ta da bashi. Duk gidan da aka sami ƙaramar yarinya a ciki, maganarsa ta wuce tara: a miƙa mai shi ga hukumar NAPTIP, wadda aka kafa tun 2003 domin yaƙi da safarar mutane, a kuma yi aiki da dokar kare yara da jihar Kano ta samu a 2023. Idan aka yi kame, mata jami'ai su kama mata, a hana ɗaukar hoto, kuma namijin da aka tarar ya tsaya gaban alƙali ɗaya da ita, komai girman rawaninsa. Sannan jihohin Kano da Jigawa da Kaduna da Bauchi su riƙa musayar sunayen waɗanda aka soke wa izini, in ba haka ba kowace jiha za ta ci gaba da share ɗakinta tana tura sharar ƙofar maƙwabciya.

Wani zai ce ai ba gidan gala izini buɗe wa ɓarna ƙofa ne. Ina girmama wannan tsoro. Amma ƙofar a buɗe take tun tuni, abin da babu shi ne mai gadi. Gidan da ke da suna a rajista yana da abin da zai yi asara, saboda haka ana iya tanƙwara shi. Wanda ke ɓoye a bayan gari, ba ya tsoron komai sai ranar kame, kuma ya riga ya ware kuɗin wannan ranar a cikin lissafinsa.

Haka batun yake a intanet, inda dandamalin ya koma yanzu. Yarinya na iya yin gala daga ɗakin uwarta a TikTok, 'yan kallo suna yi mata liƙi daga ƙasashen da ba ta taɓa jin sunansu ba. Motar kame ba ta isa can. Abin da ya taɓa girgiza masu sana'ar batsa a duniya shi ne toshe hanyar kuɗi: a Disamban 2020, bayan wani rahoton jaridar New York Times ya fallasa bidiyon ƙananan yara da na fyaɗe a wani babban shafi, kamfanonin Visa da Mastercard suka janye, cikin 'yan kwanaki shafin ya goge miliyoyin bidiyo. Ingila kuma ta yi doka a 2023 wadda ta tilasta wa irin waɗannan shafuka tantance shekarun mai shiga. Mu ma muna da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani kan batsar da ta shafi yara. Abin da nake son gani shi ne ranar da za a gurfanar da saurayin da ya yaɗa hoton tsiraicin budurwarsa don ta ƙi shi, a bar yarinyar ta koma makaranta da mutuncinta.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba idan babu ƙofar fita. Auren zawarawa da aka fara a Kano a 2012, aka sake yi wa ma'aurata 1,800 a Oktoban 2023, yunƙuri ne mai kyau. Amma aure ba zai zama mafita ga wadda aure ya jefo ta titi ba, sai an gyara abin da ya jefo ta. A tilasta wa mai saki ciyar da 'ya'yansa, kotu ta bi shi har albashinsa ko rumfarsa. A buɗe wa bazawara ajin da za ta ƙarasa sakandare ba tare da an yi mata dariya ba. A samar da gidan da yarinya za ta fake na wata shida, ta koyi ɗinki ko girki ko gyaran waya, ta fito da jari. Zakkar fataken shanu na kasuwar Juma'a guda, da za a tattara ta da gaskiya, ta isa ta fara wannan aiki a Wudil.

Mu iyaye maza kuma, kada mu yi saurin wanke hannu. Kasuwar da babu mai saye ba ta ci. Waɗanda ke liƙi a gidan gala ba daga sama suka faɗo ba, 'yan'uwanmu ne, abokan sahunmu ne a masallaci. Ranar da kunyar shiga irin waɗannan wurare ta hau kan namiji kamar yadda take hawa kan mace, rabin aikin Hisba ya ƙare. Kafin wannan rana, ina roƙon 'yan majalisarmu da malamanmu da sarakunanmu su auna kowace doka da wannan ma'auni: wa ta kama, wa ta bari? Allah Ya shirya mana zuriya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.